Sharhi: A fara wasa da Khaman Maluach ko ya jira a benci? Abin da muhawarar ke nufi ga matasan Damagaram

Tun daren 25 ga watan Yunin 2025, lokacin da aka kira sunan Khaman Maluach a matsayin na 10 a zaɓen sababbin ƴan wasa na gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, masu bin wasan suka rabu gida biyu. Wasu suka ce kulob ɗin Phoenix Suns ya sa shi cikin ƴan wasa biyar da ke fara wasa tun ranar farko ta kakar da aka buɗe a watan Oktoban 2025. Wasu kuma suka ga yin hakan zalunci ne ga yaron da a lokacin bai wuce shekara shida da fara taɓa ƙwallon ba.

Tsakanin Phoenix da Damagaram akwai tazarar awa takwas. Wasan da aka fara da ƙarfe 7 na yamma a can, ƙarfe 3 na dare ne agogon Nijar, shi ya sa akasarin masu sha'awa a nan sai da safe suke ganin gutsattsarin bidiyonsa a waya. Amma tambayar da ake yi kan Maluach ba baƙuwa ba ce ga duk mai horaswar da ya taɓa samun dogon yaro a hannunsa, ko a Birni ne, ko a Zango, ko a Yamai. Yaushe ake cewa matashi ya isa a ɗora masa nauyi, kuma wa ke asara idan aka yi kuskuren lokaci?

Daga Kawempe zuwa Phoenix

An haifi Maluach a ranar 14 ga Satumban 2006 a garin Rumbek na Sudan ta Kudu, ya tashi a unguwar Kawempe da ke Kampala, babban birnin Uganda, inda iyalinsa suka yi gudun hijira. Yana da kimanin shekara 13 ya fara ƙwallon kwando, bayan ya halarci sansanin horo da Luol Deng, tsohon ɗan wasan NBA, ya shirya a Uganda. Daga nan aka ɗauke shi zuwa makarantar horar da matasa ta NBA da ke Saly a Senegal.

Ta wannan makaranta ne ya shiga gasar kulob-kulob ta Afirka, BAL, wadda aka fara a Kigali a 2021. Tun 2022 gasar ke da tsarin raba ɗaliban makarantar Saly ga ƙungiyoyi 12 da ke fafatawa, ɗaya-ɗaya. Maluach ya buga wa Cobra Sport ta ƙasarsa a 2022, sai AS Douanes ta Senegal a 2023, shekarar da ta kai wasan ƙarshe ta sha kaye a hannun Al Ahly ta Masar, sannan City Oilers ta Uganda a 2024. Yana da shekara 16 ya buga wa Sudan ta Kudu gasar cin kofin duniya a 2023, yana da 17 ya je gasar Olamfik ta birnin Paris.

Kakar 2024-25 ya yi ta ne a jami'ar Duke, ɗaya daga cikin manyan gidajen ƙwallon kwando a Amurka. Duk wasanni 39 da ƙungiyar ta buga da shi aka fara. A kowane wasa yana cin maki 8.6 a matsakaici, yana cafke ƙwallon da ta bugi kwando ta dawo sau 6.6, cikin mintuna kusan 21. Tsawonsa ya haura mita 2 da santimita 15.

Hujjar masu cewa a fara da shi

Hujja ta farko ita ce farashin da aka biya. Damar zaɓe ta 10 ta zo hannun Phoenix ne cikin cinikin da ya kai Kevin Durant kulob ɗin Houston Rockets. Wato Maluach na cikin abin da kulob ɗin ya karɓa a madadin ɗaya daga cikin manyan ƴan wasan wannan zamani. Magoya baya na son su ga abin da aka samu, kuma ba a ganin komai daga benci.

Ta biyu ita ce abin da ya riga ya iya. A Duke, kashi 71 cikin 100 na jifansa sun shiga kwando, domin yawancinsu daga kusa ne, inda tsawonsa ke ba shi fifiko. Abin da ya fi jan hankalin masu farautar ƴan wasa shi ne jifan da ake ba wanda aka yi wa ƙeta: ya ci fiye da kashi 75 cikin 100. Dogaye da yawa a nan suke faɗuwa. Wanda hannunsa ya daidaita a wannan jifa yana da shekara 18, ana sa ran nan gaba zai iya jifa daga nesa.

Ta uku ita ce zuciya. Yaron ya riga ya yi karo da manya. A watan Yulin 2024, a birnin Landan, yana cikin tawagar Sudan ta Kudu da ta sha kaye a hannun Amurka ta su LeBron James da ci 101 da 100. A ranar 5 ga Afrilun 2025 kuma, sa'o'i kaɗan kafin Duke ta buga wasan kusa da na ƙarshe na gasar jami'o'i, sakataren harkokin wajen Amurka Marco Rubio ya sanar da soke bizar masu fasfon Sudan ta Kudu. Duk ɗan ci-ranin da ya taɓa kwana da fargabar takarda ya san nauyin irin wannan labari. A haka Maluach ya fita fili.

Masu wannan ra'ayi na cewa ba a koyon iyo a tudu. Dogon ɗan wasa yana koyon karanta motsin abokan hamayya ne idan ana kai masa hari, yana kuskure, ana gyara masa.

Hujjar masu cewa a yi haƙuri

Ɗaya ɓangaren ma da wannan wasa na 5 ga Afrilu yake kafa hujja. Duke ta sha kaye a hannun jami'ar Houston da ci 70 da 67 bayan ta daɗe tana kan gaba, kuma cikin minti 21 da Maluach ya yi a fili bai cafke ko ƙwallo ɗaya da ta dawo daga kwando ba. Ƴan wasan Houston sun fi shi gajarta, amma sun fi shi ƙarfin ƙugu da sanin inda ake tsayawa, suka riƙa ture shi daga wurinsa. Idan ɗaliban jami'a sun yi masa haka, in ji su, me za a ce da Nikola Jokic na Denver, ko Domantas Sabonis na Sacramento, waɗanda duk Phoenix za ta haɗu da su sau da dama a kaka guda?

Sannan dokokin wasan kansu sun bambanta. A jami'a da kuma gasannin duniya minti 40 ake yi, a NBA 48. Duke ta buga wasa 39, kulob ɗin NBA kuwa 82 yake bugawa kafin a shiga zagayen kifa-ɗaya-ƙwale, wani lokaci dare biyu a jere a garuruwa daban-daban. Layin jifan maki uku ya fi nisa, mita 7.24 maimakon 6.75, abin da ke nufin filin da mai tsaro zai rufe ya ƙaru. Akwai kuma dokar da ta hana mai tsaro tsayawa a ƙarƙashin kwando fiye da daƙiƙa uku in ba wani yake tsarewa ba. A jami'a dogon mutum na iya kafa sansani a nan ya jira. A NBA dole ya fita, ya koma, ya sake fita, kuma ƙwararrun masu riƙe ƙwallo sun san yadda ake jawo shi waje a bar shi a baya.

Matashin da ƙafarsa ba ta saba da wannan ba, hannu yake kaiwa. Ƙeta shida ke fitar da ɗan wasa a NBA, kuma wanda ya yi biyu cikin mintunan farko, benci ake mayar da shi. Sai ya zama an fara da shi a suna, amma rabin wasan yana zaune, ga kunya a gaban dubban mutane.

Abin da ya faru da waɗanda suka gabace shi

Kowane ɓangare na da misalin da zai ɗauko. Hasheem Thabeet ɗan Tanzaniya, Memphis ta zaɓe shi na 2 a 2009 saboda tsawo da iya tare ƙwallo. Kafin kakar farko ta ƙare an tura shi ƙaramar gasa, kuma bai taɓa zama ɗan wasan da aka yi zato ba. James Wiseman, wanda Golden State ta zaɓa na 2 a 2020, da shi aka fara wasan farko na kaka duk da cewa wasa uku kacal ya buga a jami'a. Kulob ɗin na neman nasara ne nan take, shi kuma yana koyo. Aka mayar da shi benci, ya ji rauni a gwiwa, a 2023 aka sayar da shi ga Detroit.

A ɗaya gefen akwai Yves Missi ɗan Kamaru, wanda New Orleans ta zaɓa na 21 a 2024. Raunin da ya addabi ƙungiyar da ƙarancin dogaye suka sa aka fara akasarin wasanni da shi, ya kuma yi abin kirki har ya shiga jerin fitattun sababbin ƴan wasa na shekarar. Sai dai New Orleans wasa 21 kawai ta ci cikin 82. Babu wanda ke jiran kofi daga gare ta, don haka kuskuren Missi bai zama laifi ba.

Misalin da ya fi koyar da darasi shi ne na Pascal Siakam, shi ma ɗan Kamaru, wanda ya fara ƙwallon kwando a makare kamar Maluach. Toronto ta zaɓe shi na 27 a 2016, lokacin Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ke jagorantar kulob ɗin. Saboda raunin wani babba, da Siakam aka fara wasan farko, kuma aka fara wasa 38 da shi a wannan kaka. Da aka ga nauyin ya fi ƙarfinsa, sai aka tura shi ƙaramin kulob ɗinsu, Raptors 905, inda ya ci kofin ƙaramar gasar ya kuma zama gwarzon wasannin ƙarshe. Kaka ta biyu daga benci ya riƙa shigowa, amma kusan kowane wasa yana bugawa. A ta uku ya koma cikin biyar ɗin farko, aka ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi samun ci gaba, Toronto ta ɗauki kofin NBA a 2019, shi kuma ya ci maki 32 a wasan farko na zagayen ƙarshe.

Hakeem Olajuwon ma, wanda ya bar Legas zuwa jami'ar Houston a 1980, shekararsa ta farko bai buga ko wasa ɗaya ba, ta biyu kuma daga benci yake shigowa. A lokacin hutu ya riƙa atisaye da Moses Malone, gwarzon NBA na wancan lokaci. A 1984 shi aka zaɓa na 1, ya kuma ci kofi a 1994 da 1995.

Idan aka jera waɗannan labarai, abin da ya raba su ya fito fili. Ranar da aka fara wasa da mutum ba ita ta yanke makomarsa ba. Siakam da Wiseman duk an fara da su tun ranar farko. Bambancin shi ne Toronto na da wurin da za ta sauke Siakam ya ci gaba da bugawa kullum, da kuma aikin da aka fayyace masa idan ya dawo.

Lissafin Phoenix

Alamu na nuna shugabannin Phoenix sun riga sun ba da amsarsu tun daren zaɓen. A wannan dare suka sayo Mark Williams daga Charlotte, shi ma dogo, shi ma tsohon ɗan Duke, mai shekara 23, wanda ya yi matsakaicin maki 15.3 da cafkewa 10.2 a kakar 2024-25. Ba a ba da damar zaɓe biyu na zagayen farko a kan mutumin da za a ajiye a benci. A lokacin akwai kuma Nick Richards da Oso Ighodaro a wannan gurbi.

To amma Williams na da nasa ciwon. Cikin kaka uku na farko da ya yi wasa 106 kawai ya buga daga 246, kuma a watan Fabrairun 2025 kulob ɗin Lakers ya fasa sayensa bayan gwajin lafiya. Ke nan ƙofa na iya buɗewa Maluach a kowane dare, ko ya shirya ko bai shirya ba, kamar yadda ta buɗe wa Siakam da Missi.

Wani abin da ya ɗaure hannun Jordan Ott, sabon mai horaswa a 2025, shi ne Phoenix ba ta da ribar faɗuwa. A tsarin NBA, ƙungiyoyin da suka ƙare a ƙasa su ke samun damar zaɓen matasa mafi kyau a shekara mai zuwa, shi ya sa wasu ke sakin yara su buga ko za a sha kashi. Phoenix ta riga ta jinginar da nata damar na shekaru da dama a cinikin da ta yi a baya. A kakar 2024-25 wasa 36 ta ci, ta faɗi 46, kuma Devin Booker, wanda ya sabunta kwantiraginsa, ba zai so a ɓata masa shekarun ganiyarsa ana koya wa wani tsayuwa ba.

Ta fuskar Maluach kansa, agogo na tafiya. Wanda aka zaɓa a zagayen farko shekara biyu ake tabbatar masa a kwantiragi, ta uku da ta huɗu sai kulob ya ga dama. A 2025 albashin shekarar farko na mai lamba 10 ya kai kimanin dala miliyan 6, kuɗin da ya isa ya canza rayuwar zuri'a guda. Amma babban arziki yana kwantiragi na biyu, kuma ba a ba da shi sai ga wanda aka gani a fili.

Mintuna ake ƙirgawa

Masu kallon ƙwallon ƙafa kan ɗauki benci a matsayin hukunci, domin a can wanda aka cire ba ya komawa, wanda bai fara ba kuma wataƙila minti goma zai samu. Ƙwallon kwando ba haka take ba. Ana canji ba iyaka, ɗan wasa na fita ya huta ya dawo. Manu Ginobili ya yi shekaru yana shigowa daga benci a San Antonio, ya ci kofi huɗu. Dereck Lively, wani dogon ɗan Duke da aka zaɓa na 12 a 2023, daga benci yake shigowa lokacin da Dallas ta kai wasan ƙarshe a 2024, amma sau da yawa shi ke fili idan wasa ya yi zafi.

Saboda haka abin da ya kamata masu bin Maluach su sa wa ido shi ne abubuwa uku. Na farko, yana samun mintuna tabbatattu, ko da 12 ko 15 ne a kowane dare, a gaban dogayen benci na abokan hamayya? Na biyu, idan babu gurbi, ana tura shi ƙaramin kulob ɗinsu, Valley Suns, ya buga minti 30, ko ana barinsa ya yi ta tafa wa wasu? Na uku, ƙetarsa na raguwa, cafkewarsa na ƙaruwa daga wata zuwa wata? Bisa abin da ya nuna kafin shigarsa NBA, bai kai a damƙa masa gurbin farko ba, kuma faɗin haka ba raini ba ne. Haɗarin da ya fi wannan shi ne ya shafe watanni yana zaune. Da rarrafe yaro kan tashi, amma sai an sauke shi ƙasa.

Me ya shafi Damagaram?

Mutanen Damagaram sun san wannan tsari tun kafin ƙwallon kwando ta zo. A gasar kokowa ta cin takobin ƙasa, wadda aka fara a 1975, kowace jaha ƴan kokowa goma take kaiwa. Kafin matashi ya shiga cikin goman nan, sai ya kayar da sa'o'insa a dandalin ƙauye bayan girbi, ya fito a gundumarsa, ya tsallake zaɓen jaha. Babu mai ɗauko yaro don kawai yana da ƙirji ya haɗa shi da Issaka Issaka. Sunayen da jahar ke alfahari da su, irin su Langa-Langa da Balla Harouna, ta wannan matakala suka hau.

Matakalar ce ƙwallon kwando ta rasa a yankinmu. Nijar na da gwanaye. Abdoulaye Harouna, haifaffen Yamai da ya yi karatu a jami'ar Miami ta jihar Ohio, ya zama sananne a gasar BAL, amma da rigunan ƙasashen waje: FAP ta Kamaru, AS Salé ta Maroko, ABC Fighters ta Kodebuwa, da AS Douanes ta Senegal, kulob ɗin da Maluach ya buga wa shekara guda kafin shi. Nigelec ta Yamai ta shiga wasannin share fage, amma har yanzu babu kulob ɗin Nijar da ya kai ainihin gasar. A Najeriya, Kano Pillars ta lashe gasar ƙasa sau da dama, Zariya kuma ta fitar da ƴan wasa masu yawa a hannun Oliver Johnson na jami'ar Ahmadu Bello, sai dai rikicin shugabancin hukumar wasan da ya ɓarke a 2017 ya jefa gasar cikin gida a halin tsaye-tafi na shekaru.

Inda babu gasar ƴan ƙasa da shekara 16 ko 18 mai gudana kowane mako, mai horaswa zaɓi biyu gare shi, kuma duk ba su da kyau. Ko ya jefa dogon yaro cikin manya su ragargaza masa gwiwa da zuciya, ko ya ajiye shi a benci har ya gaji ya kama hanyar Agadez ko ta Kano neman abin kansa. Maluach ya tsira daga wannan ne domin a kowace shekara an samar masa matakin da ya ɗan fi ƙarfinsa kaɗan: Saly, sannan BAL, sannan tawagar ƙasa, sannan Duke.

Ba sai an jira NBA ta gina makaranta a Birni ba kafin a fara. Gasar makarantun sakandare da ake bugawa a kai a kai, da ƙungiya ta biyu ga kowane kulob, da haɗin gwiwa da jami'ar André Salifou, da wasannin sada zumunta da Maradi da Kano, abubuwa ne da ba su fi ƙarfin hukumar wasanni ta jaha da ƴan kasuwar gari ba. Ƴan Damagaram mazauna ƙetare da ke aiko da ƙwallaye da riguna su ma na iya tambayar wani abu daban: wasa nawa yaran suka buga a bana, kuma da wa?

 Hukuncin gaskiya zai fito ne idan aka ƙirga mintunan da ya buga, a Phoenix ko a Valley Suns, aka kuma duba ko yaron da ƴan Houston suka ture daga ƙarƙashin kwando ya koyi tsayawa da ƙafarsa.